Darasi na 9: Gane Sulalla da Yi Musu Kuɗi

Da wuya a shiga gidan da ya kwana biyu a ƙasar Hausa a rasa wani gwangwani ko ƙullin tsumma a ƙasan adaka mai ɗauke da sulallan da aka daina kashewa: kwabo mai huji, sisi, sule mai kan sarauniya, kwandalar naira ɗaya, da ragowar canjin da alhaji ya dawo da shi daga Makka. A Maraɗi da Damagaram kuwa ba sai an buɗe adaka ba, kuɗin ƙarfe suna nan a aljihu ana sayen ƙosai da su. Akwai mutane a duniya waɗanda tara irin waɗannan kuɗi shi ne sha'awarsu, wasu ma sana'arsu ke nan, kuma akan samu ƙwaya ɗaya da za a biya kuɗi mai tsoka a kanta. Jin wannan labari ne yake sa mutum ya kwance ƙullin kakarsa yana lissafin mota.

Gara mu faɗi gaskiya tun da wuri. Tsufa kaɗai ba ya sa kwandala tsada. Akwai kwabon da ya haura shekara tamanin wanda kuɗinsa bai wuce na kwanon abinci ba, akwai kuma kwandalar da aka buga bayan an haifi 'ya'yanku wadda ta ninka kuɗin da ke rubuce a jikinta sau ɗari biyu. Abin da za mu koya a nan shi ne dalilin haka, da yadda mutum zai duba abin da ke hannunsa da kansa kafin wani ya yi masa romon baka.

Karanta abin da ke jikinta

Kowace kwandala tana da wurare uku da ake dubawa: fuska, baya, da gefe. Ku riƙe ta ta gefe da yatsu biyu, a wuri mai haske, ku nemi amsar tambayoyi huɗu. Wace ƙasa ko wane banki ya fitar da ita? Nawa ce? Wace shekara ke jikinta? Wane hoto aka zana? Wanda idonsa ya fara rauni ya nemi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo da waya.

Sulallan Nijeriya suna da sauƙin rarrabewa in an san zubinsu. Kafin 1959 ana kashe kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila ne, waɗanda Nijeriya ta yi tarayya a kansu da Gana da Saliyo da Gambiya. A cikinsu ne ake samun anini da ɗari da kwabo masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki, aka fitar da kuɗin ƙasar na kanta: taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi da koko, sule da ganyen kwakwar manja, fataka kuma da gyaɗa. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka koma naira da kwabo. Rabin kwabo ya ɗauki auduga, kwabo ɗaya rijiyoyin mai, kwabo biyar koko, kwabo goma kwakwar manja, kwabo ashirin da biyar kuwa dalar gyaɗa irin wadda aka san Kano da ita. A 1991 aka mai da kwabo hamsin da naira ɗaya kuɗin ƙarfe, na farko da masara, ta biyu da hoton Herbert Macaulay. Zubi na ƙarshe shi ne na watan Fabrairu 2007: kwabo hamsin, da naira ɗaya da naira biyu masu launi biyu, ita naira biyun da ginin Majalisar Tarayya.

Shekarar da ke jiki, da tarkon da ke cikinta

Ku ɗauki naira biyun nan ku duba. Za ku ga 2006, alhali sai 2007 ta shiga hannun jama'a. Wato shekarar da ke jikin kwandala ba lalle ba ne ta zama shekarar da ta fito kasuwa, wani lokaci ma ba ita ce shekarar da aka buga ta ba. Babban misali shi ne dalar azurfa ta Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita a Borno da ƙasar Hausa, mata kuma suka yi ado da ita. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma an ci gaba da buga dalar da wannan shekara ɗaya har zuwa zamaninmu, a maƙeru daban-daban, ƙwaya ɗaruruwan miliyoyi. Duk wanda ya nuna muku ita ya ce ta shekara ɗari biyu da arba'in saboda ga 1780 nan a rubuce, ko dai bai sani ba, ko kuwa yana fatan ku ne ba ku sani ba.

Canjin Saudiyya da na wasu ƙasashen Larabawa yana ɗauke da shekarar Hijira da lambobin Larabci. Akwai gajeren lissafi na kintace: a ninka shekarar Hijira da 0.97, a ƙara 622. Halalar da ke da 1397, alal misali, za ta ba da 1977. Lissafin yakan kuskure da shekara ɗaya, amma ya isa a gane zamani.

Bayan shekara sai 'yan ƙananan alamomin da ido ba ya kulawa da su, waɗanda kuwa su ne masu tarawa suka fi bi. Maƙerun kuɗi da yawa suna sa harafinsu. A kan kwabban Afirka ta Yamma za a iya ganin H ko KN, alamun wasu maƙeru biyu na Birmingham da aka ba kwangila. Kuɗin yuro na Jamus suna ɗauke da A, D, F, G ko J, kowane harafi da garinsa: A na Balin ne, J na Hambug. A Amurka P na Filadelfiya ne, D na Denba, S na San Faransisko. A 2019 maƙerar West Point ta zuba kwata-kwatan dala masu harafin W cikin canjin yau da kullum, miliyan biyu kacal na kowane zane, a ƙasar da ake buga irin wannan kuɗi da ɗaruruwan miliyoyi. Nan da nan mutane suka shiga tone aljihunansu.

'Yan uwanmu na Nijar suna da nasu abin dubawa. Tsofaffin sulallan sefa da aka buga a maƙerar Faransa suna da ƙananan alamomi biyu. Ɗaya ƙaho ne cike da 'ya'yan itace, tambarin maƙerar. Ɗayar kuwa ta shugaban masu zanen maƙerar ce, tana sauyawa in an sauya shi: mujiya daga 1958 zuwa 1974, kifin dolfin daga 1974 zuwa 1994, ƙudan zuma daga 1994 zuwa 2000. A Chadi da Kamaru kuma tsohuwar dala ashirin ta sefa ta shekarun 1970 da 1980 tana ɗauke da sunan ƙasar da aka buga wa ita, don haka mai tarawa yakan so ya haɗa ta Chadi da ta Kamaru da ta Gabon da sauransu. Ko a kuɗin Nijeriya akwai irin wannan bambanci. Taken da ke ƙarƙashin tambarin ƙasa gajere ne a sulallan 1973, na haɗin kai da imani kawai. An ƙara masa zaman lafiya da ci gaba a 1978, saboda haka kwabo goma na ƙarshen shekarun 1980 yana da dogon take. A wurin mai sayen goro duk kwabo goma ne. A wurin mai tarawa iri biyu ne, kowanne da gurbinsa.

Da wane ƙarfe aka yi ta

Wannan yana da sauri. Maganaɗisu yana kama kwandalar baƙin ƙarfe da aka yi wa rufi, irin na Nijeriya na 1991, ba ya kama tagulla ko gaurayen jan ƙarfe da nikel irin na 1973. Sai dai yana kama tsantsar nikel, shi ya sa tsohuwar dala ashirin ta sefa take manne masa. Azurfa da zinariya ba ruwansu da maganaɗisu. Sule da fataka na Afirka ta Yamma na 1913 zuwa 1920 akwai azurfa a jikinsu, daga nan aka koma tagulla. A Amurka kwatan dala da santi goma na 1964 zuwa baya kashi 90 cikin 100 azurfa ne. Ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal zai nuna ko nauyin ya yi daidai da wanda ke cikin kundi. In ya yi nisa da shi, a yi zargin jabu. Masu cewa wai tsohon kwabo yana da wani sinadari na ɓoye da Turawa ke nema ido rufe, a bar su da tatsuniyarsu.

Abin da ke sa tsada

Na farko ƙaranci. Ana nufin yawan da aka buga, da yawan da ya rage. A 2009 Ingila ta fitar da kwandalar fam rabi don cikar lambun Kew shekara 250, da hoton wata doguwar hasumiya irin ta Sin. Ƙwaya 210,000 kawai aka zuba a kasuwa. Yau ana sayar da ita sama da fam ɗari. Ta riƙe kambin ƙaranci har sai da ta 2023 mai hoton kifin salmon ta zo da 200,000. A Monako, yuro biyu na 2007 mai hoton Gimbiya Grace an buga 20,001 ne, kuɗinta ya kai dubban yuro.

Yanzu ku kwatanta da kwabon Afirka ta Yamma na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila bai cika shekara ba. Labarin yana da daɗin ji, kwabon kuma ya tsufa. Amma an buga shi da miliyoyi, mutane da yawa kuma sun adana shi tun a lokacin saboda labarin, don haka har yau araha ne. Haka abin yake ga yawancin kwabo mai huji da sulen 1959 da ke gidajenmu. Darajarsu ta tarihi ce. Aninin 1907, misali, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a duniya, bai kuma daɗe ba aka sauya ƙarfen don ba ya jure yanayinmu. Wanda ya samu irin wannan da lafiyarsa ya samu abin adanawa, ko da ba zai gina gida da shi ba.

Kuskuren maƙera ma yana haifar da ƙaranci. Ana buga kwandala ne tsakanin hatimi biyu na ƙarfe, na fuska da na baya. A 2008 Ingila ta sauya zane, ta ɗauke shekara daga baya ta mai da ita fuska. Sai aka yi kuskure aka haɗa tsohon hatimin fuska da sabon na baya a wajen buga fene ashirin, kwandalar ta fito ba shekara ko ta ina. An ƙiyasta ba su kai 250,000 ba, ana kuma nemansu. Amma a yi hattara a nan, don nan ne aka fi cutar sababbin shiga. Kwandalar da mota ta taka, ko yaro ya daka da dutse, ko maƙeri ya huda don a yi sarƙa, wannan ɓarna ce, ba kuskuren maƙera ba. Ɓarna rage kuɗi take yi.

Na biyu masu nema. Abu yana iya yin ƙaranci amma ba mai so. Ragon da ake rububi a kansa ana jibi Sallah, shi ne dai wanda za a yi ta yawo da shi bayan Sallah ba mai tayawa. Fam rabin Kew ya yi tsada ne don Ingila cike take da masu tara irinsa, kowa yana son cike gurbinsa. Wata kwandalar Afirka tana iya fin ta ƙaranci amma ta tsaya a kuɗi kaɗan, saboda masu nemanta ba su da yawa tukuna.

Lafiyar jiki

Na uku, wanda ya fi shafar mu, shi ne halin da kwandalar take ciki. Iri ɗaya, shekara ɗaya, maƙera ɗaya, amma wadda ba ta taɓa yawo ba tana iya ninka shafaffiya sau goma ko fiye. Dillalan duniya suna amfani da ma'aunin da wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara a 1949, daga 1 zuwa 70. Lamba 1 ita ce wadda da ƙyar ake gane ta, 60 zuwa 70 kuwa waɗanda ba su shiga hannun jama'a ba. Akwai kamfanoni irin su PCGS da NGC da ke duba kwandala su ba ta lamba su rufe ta cikin roba mai tauri, amma ladan aikinsu da kuɗin aikawa sun fi ƙarfin yawancin abin da ke hannunmu. Ba a kai musu sai abin da aka tabbata yana da tsada.

Mu a aji matakai huɗu sun ishe mu. Akwai shafaffiya, wadda rubutunta ya fara ɓacewa. Akwai mai dama-dama: rubutu ya fito sarai amma ƙananan zane sun lafe. Akwai mai kyau, wadda sai a wuraren da suka fi tudu ake ganin gogewa. Sai sabuwa fil, mai sheƙin maƙera, wanda in an juya ta a haske yake zagayawa. Wuraren tudun nan su ake fara dubawa, don su ne hannu ke fara ci. A tambarin Nijeriya ku dubi fikafikan mikiya, da gezar dawakan nan biyu, da haruffan take. A sulen 1959 ku dubi kambin sarauniya da gashinta.

Ga kuma gargaɗin da na fi so ku fita da shi daga ajin nan: kada ku wanke. Hankalin kowa yakan ba shi cewa in ya goge kwandala da toka, ko lemun tsami, ko soson ƙarfe, ta yi ƙyalli, za ta fi kuɗi. Akasin haka ne. Duhun da tagulla ke yi da daɗewa masu saye suna son sa, shi ne shaidar ba a taɓa ta ba. Gogewa tana cire fatar ƙarfen, ta bar ƙananan ƙarce da gilashi ke nunawa, ba kuma yadda za a yi a mayar. Dillali yana gane wankakkiya da kallo ɗaya, ya rage mata kuɗi ƙwarai ko ya ce ba ya so. In laka ce ta kama ta, a jiƙa ta a ruwa mai tsabta, a ɗora a kan ƙyalle mai laushi ta bushe, ba murzawa. Wajen ajiya, kowace ta samu 'yar ambulan ta takarda, a rubuta bayaninta a kai, a sa a wuri busasshe saboda laimar damina. Leda mai laushi takan sa tagulla ta yi kore mai danƙo. Zuba su gaba ɗaya a gwangwani kuwa yana sa su ci juna.

Yi mata kuɗi

Kwandala tana iya samun kuɗi iri uku. Akwai wanda ke rubuce a jikinta, in har ana karɓarta. Akwai kuɗin ƙarfenta. Akwai kuma abin da mai tarawa zai biya. Wanda ya fi yawa a ciki shi ne darajarta. Dalar Mariya Tareza nauyinta wajen giram 28 ne, kashi 83 cikin 100 azurfa, wato akwai azurfa kamar giram 23 a ciki. A tambayi kuɗin giram ɗin azurfa a ranar, a ninka, an samu ƙasan farashinta. Wanda ya taya ƙasa da haka sosai, a ce masa albarka.

Don sanin abin da masu tarawa ke biya, ana fara da kundi. Wanda ya fi shahara shi ne na Krause, da aka fara bugawa a Amurka a 1972, wanda ya ba kowane irin kwandala lamba mai farawa da KM. A intanet akwai Numista, inda za a ga hoto da nauyi da faɗi da ƙarfe, sau da yawa har da adadin da aka buga a kowace shekara. Amma kuɗin kundi jagora ne kawai. Ku kuma kun san kasuwa: suna daban, tayi daban, sallamawa daban. Kowa yana iya sa hoton kwabonsa a eBay ko Facebook ya yi masa suna naira miliyan goma, ba mai hana shi, kuma irin waɗannan hotuna su ne ke yawo a wayoyi suna ruɗa mutane. Abin dubawa shi ne kuɗin da aka sallama. A eBay ana iya zaɓar a ga kayan da aka riga aka sayar kaɗai. Gidajen gwanjo ma suna wallafa sakamakon cinikinsu. A nemi ciniki uku ko huɗu na kwanan nan, na iri ɗaya da mataki ɗaya da taku, a ɗauki na tsakiya. Daga nan a cire kuɗin aikawa da la'ada. Dillali kuma dole ya saya ƙasa da haka, tunda shi ma riba yake nema. Wannan ba cuta ba ce. Cuta ita ce wanda zai ce yana da mai saye a ƙasar waje, amma sai kun fara biyan kuɗin rajista ko na gwaji. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa.

A kula da doka kuma. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta lalata kuɗin ƙasar, na takarda da na ƙarfe, ya kuma hana talla da cinikinsu, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Kwabo hamsin da naira ɗaya da naira biyu na 2007 har yanzu kuɗin ƙasa ne a hukumance, ko da mai shago ya ƙi karɓa. Adana su ba laifi ba ne, amma huda su ko narka su don yin zobe da awarwaro ya shiga cikin abin da aka hana.

Aikin gida

Kowa ya zo da sulalla biyar mako mai zuwa, kada a wanke ko ɗaya. A littafinku ku ja layi shida: ƙasa, adadin kuɗi, shekara, hoto, ƙaramar alama in akwai, da matakin lafiya cikin huɗun da muka ambata. Wanda ya zo da ta Larabawa ya juya shekararta zuwa ta Miladiyya. Za mu gwada su da maganaɗisu a aji, sannan kowa ya musanya nasa da na maƙwabcinsa, a ga ko matakin da kuka ba su zai zo ɗaya. Inda aka saɓa, kowa ya nuna wurin da ya duba.

Ku kuma amsa wannan a rubuce, cikin layi biyar: wani ya kawo muku kwabo mai huji na 1936 yana walƙiya kamar sabo, ya ce ya ga irinsa a waya an sa masa naira miliyan biyu. Waɗanne tambayoyi za ku yi masa, me kuma za ku duba a jikin kwabon?